Tambayoyi da Amsoshi Kan Tuyar Alkaki, Dubulan da Sabbin Kayan Maƙulashe

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin matan da ke tuyar kayan zaƙi a gida, ko don gara da hidimar Sallah ko don sayarwa, a nan Gusau da garuruwan da ke kewaye irin su Ƙauran Namoda, Tsafe da Talatar Mafara. Na amsa su gwargwadon abin da na koya a gaban kasko, kuma za a lura cewa kusan duk amsoshin suna komawa ne ga abu biyu, wato mai da wuta.

Waɗanne ne kayan zaƙin da ake tsomawa cikin mai, kuma mene ne bambancinsu?

Manyansu a gidajenmu su ne alkaki, dubulan, funkaso, fanke da cincin. Alkaki da ɓarzajjiyar alkama ake yin sa, a bar kwaɓin ya kwana ya yi tsami, a naɗe shi, a toya, sannan a tsoma a ruwan sukari ko zuma. Dubulan na fulawa ne da ake murzawa ta yi falan-falan kafin a naɗa, shi ma ruwan sukari ne ƙarshensa. Funkaso da fanke kuwa sai ƙullinsu ya tashi da yis, sai dai funkaso na alkama ne kuma ana cin sa da miya ko da zuma, fanke na fulawa ne da sukari a cikinsa tun daga kwaɓi. Cincin shi ne mai daɗewa, domin ana toya shi har ya bushe.

Nakiya da gireba sukan zo tare da su a cikin kayan gara, amma ba a tsoma su cikin mai, don haka ba su shiga wannan bayani ba. Ita kanta kalmar alkama daga Larabci muka aro ta, kuma wanda ya taɓa buɗe-baki a Makka ko Madina ya ga luƙaimat da zalabiya, waɗanda tsarinsu ɗaya ne da namu: ƙulli, mai mai zafi, sannan zaƙi.

Wane mai ne ya fi dacewa da tuyar kayan zaƙi?

A ganina babu kamar man gyaɗa mai kyau, kuma mu a Zamfara ba baƙinsa ba ne, tun da gyaɗa da auduga ne jirgin ƙasa ya riƙa kwasa daga wannan yanki tun lokacin da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Man gyaɗa na gida, wanda mata ke matsewa daga tunkuza, yana da ƙanshin da na kamfani ba shi da shi, amma yana zuwa da gafi da ɗan ruwa da gari-gari, shi ya sa ake fara ɗora shi a wuta a jefa albasa ta soyu kafin a fara aiki da shi. Ga dubulan da cincin, inda ba a son ƙanshin albasa, ɓawon lemun zaƙi ko yankan ɗanyar citta yana yin wannan aikin.

Man kamfani da aka tace ya fi jure wuta kafin ya fara hayaƙi, kuma idan za a saya a duba alamar ido da ke jikin jarka ko leda, wadda ke nuna an ƙara masa bitamin A. Manja bai dace da kayan zaƙi ba saboda launinsa da ƙanshinsa, kuma al'adar ƙona shi har ya yi fari tana kashe amfanin da ke cikinsa. Man shanu a kwaɓi yake da kyau, ba a kasko ba, domin yana saurin ƙonewa.

Ta yaya zan gane mai ya yi zafin da ake so alhali ba ni da ma'auni?

Zafin da yawancin tuya ke buƙata yana tsakanin digiri 170 da 180 a ma'aunin Salshiyas, amma iyayenmu ba su taɓa riƙe ma'auni ba kuma ba su yi kuskure ba. A gutsuro ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake a jefa. Idan ya nutse ya zauna a ƙasa shiru, man bai yi ba. Idan ya nutse, ya ɗan dakata, sannan ya taso yana tsirtar da ƙananan kumfa a kewayensa, to an samu. Idan kuwa bai ko nutse ba ya yi ja nan take, ko kuma man yana fitar da hayaƙi, wuta ta yi yawa, sai a zare itace ko a rage gas a jira. Alkaki da cincin sun fi son wutar da ta ɗan gaza wannan, saboda dalilin da ke cikin amsar da ke biye.

Me ya sa kayana suke shan mai su jiƙe jagab?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma wadda ta fahimci amsarta ta gama rabin koyon tuya. Ruwa yana tafasa a digiri 100, mai kuwa ya wuce haka nesa, don haka da zarar ƙulli ya faɗa kasko sai ruwan da ke jikinsa ya koma tururi yana fita da ƙarfi. Kumfar da ake gani ke nan. Muddin tururin yana fita, yana tokare man ya hana shi shiga, kafin nan kuma bayan ƙullin ya yi ɓawo. Idan man bai yi zafi ba tururin ba ya da ƙarfi, ɓawo ba ya samuwa da wuri, sai mai ya sami hanya ya shige.

Abin da ya fi jawo haka shi ne cika kasko. Kowane ƙulli da aka jefa yana rage wa man zafi, don haka wadda ta zuba fanke ashirin a kaskon da zai ɗauki goma don ta yi sauri, ita da kanta ta sanyaya manta. Ƙulli mai ruwa da yawa, da wanda ya wuce tashi, da wanda aka cika wa bekin foda, duk suna da ƙofofi da yawa da mai zai bi. Haka nan mai yana shiga bayan an kwashe, lokacin da kayan ke hucewa, shi ya sa ake son a tsane su a kwando nan take maimakon a jibge su a roba.

A ɗaya gefen kuma, wutar da ta yi yawa tana ƙona waje ta bar ciki ɗanye. Abu mai kauri irin alkaki yana buƙatar lokaci kafin zafi ya kai tsakiyarsa, don haka matsakaiciyar wuta yake so.

Alkakina yana wargajewa a cikin mai. Ina matsalar take?

Wannan ya taɓa faruwa da ni a aikin gara na farko da na karɓa ni kaɗai, saura kwana uku a kai kaya. Na jefa guda shida na farko, ina tsaye ina kallo suka rabu suka koma tsaki a cikin man, na jefa wasu suka bi sahu. Na aika aka kira mini Goggo. Da ta zo ba ta ko kalli kaskon ba, kwaɓin ta nufa, ta gutsura ta shinshina, ta ja shi tsakanin yatsunta ya tsinke nan take. Ta ce, "Ɗiyata, ai ba ki kirɓa shi ba. Maido shi turmi." Muka barbaɗa fulawa kaɗan, muka yayyafa ruwa, muka yi ta kirɓi har sai da kwaɓin ya fara bin taɓarya yana miƙewa. Daga nan ko ɗaya bai sake fashewa ba.

Alkama tana da wani sinadari mai danƙo wanda ba ya fitowa sai ta jiƙa kuma ta sha murza, kuma shi ne ke riƙe alkaki a cikin mai. Abubuwan da ke hana shi aiki su ne ɓarzar da ta yi girma da yawa, da yawan man da aka zuba a kwaɓi, da rashin kirɓi. Kanwa ma tana da nata: ana sa ruwanta ne da safe don ta kashe tsamin da kwaɓin ya yi da dare ta kuma sa shi ya buɗe, amma idan ta yi yawa sai alkakin ya yi duhu, ya yi ɗaci, ya riƙa ɓarewa. A jiƙa ta, a tace, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa. Idan an jefa a mai kuma kada a yi gaggawar juyawa, a bari ƙasan ya kama jikinsa tukuna.

Shawarata ita ce kullum a toya guda ɗaya na gwaji kafin a naɗe sauran, domin gyaran kwaɓi yana yiwuwa, gyaran abin da ya shiga mai ba ya yiwuwa.

Me ya sa ruwan sukarina yake daskarewa ya yi fari a jikin alkaki da dubulan?

Ko dai babu tsami a cikinsa ko kuma ya wuce dahuwa. Tsamiya ko lemun tsami da ake sawa ba don ɗanɗano kaɗai ba ne, tsamin yana raba sukari gida biyu idan suna tafasa tare, kuma sukarin da ya rabu haka ba ya saurin komawa ƙwaya. A zuba sukari da ruwa, a juya har ya narke, a sa tsamin, daga nan a daina juyawa, domin juyi bayan ya fara tafasa yana watsa sukari a gefen tukunya ya bushe, kuma ƙwaya ɗaya idan ta koma ciki sai ta ja saura. Ana gane ya yi ne idan an ɗiga a faranti ya ɗan huce, aka taɓa da yatsa biyu aka buɗe, ya ja zare ɗaya siriri. Idan ya yi kauri ana tsakiyar aiki, a ƙara ruwan zafi kaɗan a mayar wuta. Alkaki ana tsoma shi da zafinsa a ruwan sukari mai ɗumi don ya sha har ciki, dubulan kuwa tsomawa ɗaya a cire, domin idan ya daɗe sai ya saki.

Dubulan fari ake so ko ja?

Fari mai ɗan ruwan ƙwai. Saboda sirantarsa ba ya buƙatar daɗewa, kuma yana ci gaba da yin duhu bayan an kwashe shi, don haka a cire shi tun kafin ya kai launin da ake so. Injin taliya na hannu shi ne ya fi sauƙaƙa murza shi daidai, kuma sabon mai ake fara masa da shi kafin sauran kaya su ɓata man.

Ƙullin fanke da funkaso ya ƙi tashi, musamman da hunturu. Me zan yi?

Yis abu ne mai rai, sanyi yana sa shi kasala, ruwan da ya yi zafi sosai kuma yana kashe shi. A kwaɓa da ruwa mai ɗumin da hannu zai iya zama a ciki, a rufe robar da murfi da zane, a ajiye a rana ko kusa da murhu. Da hunturu zai iya cin ninkin lokacin da yake ci da bazara. A watannin zafi, lokacin da Gusau ke haura digiri 40, matsalar juyewa take yi: ƙulli ya tashi da wuri, ya wuce, ya yi tsami ya faɗa, kuma irin wannan shi ne mai shan mai da aka ambata a sama. Idan ana shakkar yis ɗin, a jiƙa kaɗan da sukari a ruwan ɗumi, in bai yi kumfa ba cikin minti goma to ya mutu.

Mai yana kumfa har yana neman zubewa idan ina toya cincin. Me ke kawo haka?

Ƙwai da madara da ke cikin kwaɓin, da busasshiyar fulawar da aka barbaɗa wajen yanka, su ne ke taruwa a man su sa shi kumfa, kuma tsohon mai ya fi sabo yi. A kakkaɓe fulawar a rariya kafin a zuba, kada man ya wuce rabin tukunya, a riƙa tsame ɓurɓushi tsakanin zubi da zubi. Idan kumfar ta ƙi kwanciya ko da an yi haka, man ne ya gaji, sai a duba amsa ta gaba.

Sau nawa ya halatta a maimaita mai?

Ba lissafi ake bi ba, alamu ake bi, domin man da aka toya dubulan da shi a matsakaiciyar wuta bai sha wahalar wanda aka soya kifi da shi ba. Mai ya gama aiki idan ya yi duhu, ya yi kauri yana danƙo a gefen kasko, yana hayaƙi tun bai yi zafi ba, ko yana barin maƙaƙi a maƙogwaro. Zafi da iska da ɓurɓushin abinci suna lalata shi sannu a hankali su haifar da sinadaran da ba su da kyau ga jiki, kuma ƙara sabo a kan wanda ya mutu ba ya raya shi, sabon ne ke lalacewa. Don ya daɗe, a bari ya huce, a tace da tsumma mai tsabta, a rufe a ajiye inda rana ba ta kaiwa. Na san tsadar mai ita ke sa ake jan sa har ya koma baƙi, amma mai sayen da ya ji maƙaƙi sau ɗaya ba ya dawowa, kuma lafiyar yaran mutane amana ce a hannun mai tuya.

Ina ganin bidiyon Turawa suna soya cakulan, biskit har da ayis kirim. Gaskiya ne ko haɗi ne?

Gaskiya ne. Soyayyen cakulan na Mars ya yi suna ne daga wani shagon soya kifi da dankali a garin Stonehaven na Sikotilan a shekarun 1990. A Amurka kuma bikin baje kolin jihar Texas da ake yi duk shekara a Dallas ya shahara da gasar irin waɗannan ƙirƙire-ƙirƙire, inda aka fito da soyayyen Coca-Cola a 2006 da soyayyen bota a 2009. Na Coca-Cola ɗin ba lemon ake zubawa a mai ba, ƙulli ne aka dama da shi aka toya, wato ɗan'uwan fankenmu ne.

Sirrin duka ɗaya ne, kuma shi ne abin da aka yi bayani a amsar shan mai. Abin da ke saurin narkewa, kamar ayis kirim da bota, ana daskarar da shi a firiza ya yi tauri kamar dutse, a lulluɓe shi da ƙulli mai kauri ko garin biskit da ƙwai, a jefa a mai mai zafi sosai na ɗan lokaci ƙalilan. Rigar ta soyu ta yi ɓawo kafin zafi ya isa ciki. Idan rigar ta sami ƙofa ko ɗaya, abin da ke ciki zai narke ya fito ya haɗu da mai ya yi fallatsa, don haka wannan ba aikin yara ba ne.

Irin waɗannan sabbin kaya za su karɓu a kasuwarmu?

Wasu sun riga sun karɓu. Samosa da donot, har da mai madara a ciki da 'yan mata ke tallatawa a WhatsApp da Instagram, sun zauna a bukukuwa da wuraren buɗe-baki. Soyayyen biskit mai kirim a tsakiya ma yana da sauƙi, domin ƙullin fanke mai ɗan kauri ya ishe shi kuma ba ya buƙatar firiza. Dabino da aka cire wa ƙwallo aka cusa gyaɗa aka tsoma a ƙulli na gwada shi da azumi, kuma ya fi cakulan dacewa da bakin mutanenmu. Amma ayis kirim da bota suna buƙatar wutar lantarki da ba ta yankewa, kuma dole a ci su a take, ba sa jure tafiya a bayan babur zuwa wata unguwa. Wadda ba ta da tabbacin sanyi kada ta karɓi irin wannan aiki, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yaya batun lafiya, musamman ga masu ciwon sukari da hawan jini?

Ba zan ɓoye ba, waɗannan kaya na marmari ne, ba abincin kullum ba. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9 (kalori ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa ne), fiye da ninkin na sukari ko fulawa da ke da 4, alkaki kuwa ya haɗa duka ukun. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a yini, wato kusan ƙaramin cokali 12 ga babba, kuma zuma tana cikin wannan lissafi, don haka musanya sukari da zuma ba ya mayar da alkaki halal ga mai ciwon sukari. Shi likitansa ne zai yanke masa iyaka.

Akwai kuma batun ƙonewa. A 2002 masana a Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci idan ya sha wuta har ya yi duhu yana samar da sinadarin akirilamaid, wanda ake zargi da haddasa ciwon daji. Saboda haka a tsaya a launin zinariya, wanda ya ƙone a zubar, kada a tara wa yara.

Ƙarago fa? Na ji ana cewa wata gyaɗar tana da guba.

Gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, ko aka ajiye ta a danshi, tana yin fumfuna mai fitar da gubar afalatoksin da ke lalata hanta, kuma wutar tuya ba ta kashe ta. Maganin yana wajen tsinta: a baza gyaɗar a faifai a fitar da duk wadda ta yamushe, ta canza launi, ƙwaro ya huda ko take ɗaci. Gyaɗar da aka ga ta yi araha fiye da kima a kasuwa, sau da yawa wadda wasu suka tsince suka ware ce.

Ta yaya zan ajiye su, kuma da me zan ƙunsa wa mai saye?

Kada a rufe komai da zafinsa, domin tururin zai koma ruwa a cikin leda ya sa kayan su saki su yi fumfuna. Cincin da ƙarago suna makonni a bokiti mai murfi idan sun soyu har ciki, alkaki da dubulan ma suna daɗewa saboda sukari yana tsare su, sai dai da damina danshi yana rage musu kwana. Fanke da funkaso da donot na yini ɗaya ne, mai madara a ciki kuwa bai kamata ya yini a zafi ba. Tsohuwar jarida da takardar jarrabawa ba su dace da ƙunshi ba, domin mai yana narkar da tawada ta koma jikin abinci.

Idan wuta ta kama man, ko ya zubo wa mutum, me za a yi?

Kada a kusanto da ruwa ko kaɗan, domin ruwa a cikin mai mai ci yana komawa tururi nan take ya watsa wutar sama da gefe. A kashe gas ko a zare itace, a rufe kaskon da murfin ƙarfe ko babban faranti, a bar shi a rufe har ya huce, kuma kada a ɗauke shi da niyyar fita da shi waje. Wanda ya ƙone a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na kimanin minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Ɗanyen ƙwai, man goge baki, gishiri da manja da ake shafawa ba sa warkarwa, ƙwayoyin cuta suke jawowa. Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannu, ko ta shafi fuska, hannu ko ƙaramin yaro, asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba.

An ba ni aikin gara. Kwana nawa kafin ranar ya kamata in fara, kuma da me zan fara?

A fara da alkama, domin ita ce mai cin lokaci: surfe, wanki, shanya da kai wa injin ɓarza za su iya cin kwana biyu, da damina ma fiye. Cincin ake fara toyawa tun saura mako guda tun da ba ya lalacewa, sai dubulan, sannan a kwaɓa alkaki da yamma a toya washegari, a bar masa yini guda ya tsane ya huce kafin a jera a roba. Idan kasko ɗaya ne da mai ɗaya, a rana guda a fara da dubulan a ƙare da alkaki, domin kanwa da tsakin alkama suna duhunta mai.

Wajen yanke kuɗi kuma a rubuta komai kafin a buɗe baki: alkama tiya nawa, fulawa, sukari, mai, itace ko gas, kuɗin niƙa, ladan masu taya naɗi, robobi da kuɗin mota. Man da ya rage a kasko a lissafa shi cikin wanda aka kashe, domin ba zai sake yin dubulan ba. A karɓi kuɗin kaya tun farko a saye su a ranar, saboda farashin jarkar mai na iya canzawa tsakanin ranar da uwar amarya ta zo da ranar da za a ɗora kasko.